Injin Zarto da Ginin Itace: Wanne Ne Na Sara, Wanne Ne Na Tsaga Katako?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ratsa dazuzzukan kudancin Kaduna, ko na Jihar Neja, ko na Taraba da rani, da wuya a ce bai ji wata ƙara mai kama da ta babur tana tashi daga cikin kurmi ba. Ƙarar injin zarto ce, wato zarton nan mai sarƙa wanda ke aiki da fetur. Bishiyar da a da ƙarti kan wuni suna sara da gatari, wannan inji kan kwantar da ita cikin 'yan mintoci. Bencin da ɗalibi ke zama a kai, da katakon rufin ajinsu, da ƙyauren ƙofar gidansu, da yawa daga cikinsu ta bakin wannan inji suka biyo kafin su iso kasuwar 'yan katako.

Masu wannan sana'a sukan yi gardama a kan wane inji ne ya fi. Wasu su ce mai ƙarfi, wasu su ce mara nauyi, wasu kuma su ce wanda ba ya wuyar gyara. Wannan maƙala za ta nuna cewa itacen da za a yanka, da kuma fuskar da za a yanke shi, su ne ke raba wannan gardama. Kayar da bishiya aiki ne daban, tsaga gungume ya zama katako shi ma aiki ne daban, kuma bambancin ya samo asali ne daga yadda aka gina itace tun yana raye.

Yadda Aka Gina Itace

Idan aka duba ɗan siririn yanki na itace a madubin ƙara girma, za a ga ba dunƙulallen abu ba ne kamar sabulu. Tarin ƙwayoyin halitta ne masu tsawo, waɗanda suka jeru daga saiwa zuwa reshe kamar tsinkayen tsintsiya. Wasunsu bututu ne da ke ɗaukar ruwa daga ƙasa zuwa ganye, wasu kuma zaruruwa ne masu kaurin bango waɗanda ke riƙe nauyin bishiya. A bishiyoyi masu faɗin ganye, irin waɗanda suka cika dazuzzukan Afirka ta Yamma, tsawon kowane zare yakan kama daga milimita 1 zuwa 2. Bangon waɗannan zaruruwa an yi shi ne da sinadarin selulos, wanda ya kai kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na busasshen itace, sai kuma liginin, wanda ya kai kashi 20 zuwa 30, shi ne kamar ƙaron da ya manne su wuri guda.

Wannan jeri shi ne ya sa faskare da gatari yake da sauƙi, domin ana raba zaruruwa ne kurum daga maƙwabtansu, alhali datse itace a gicciye sai an tsinke kowane zare. Mai shan rake ya san wannan tun kafin ya shiga aji.

Haka kuma itatuwa sun bambanta wajen tauri. Itacen obeche, wanda kafintoci ke so don sauƙinsa, nauyin kubik mita ɗaya nasa bai kai kilo 400 ba idan ya bushe. Loko yakan kai kusan kilo 650. Maɗaci da madobiya sukan yi kusa da kilo 800. Bayan nauyi kuma akwai wasu halaye. Zaren maɗaci a sarƙe yake, wani layi ya karkata dama, na kusa da shi ya karkata hagu. Loko yakan tara farar ƙasa a cikinsa ta daskare kamar tsakuwa. Itacen tik, wanda aka kawo daga Asiya aka shuka a gandun dajin gwamnati, yana ɗauke da sinadarin silika, wato ainihin abin da yashi ya ƙunsa. Duk waɗannan suna dakushe ƙarfe.

Darasi Daga Wata Tsutsa

Injin zarto ya sami bunƙasa a Jamus. Andreas Stihl ya ƙera na lantarki a 1926, Emil Lerp kuma, wanda ya kafa kamfanin Dolmar, ya fito da mai aiki da fetur a 1927. Injunan farko sai mutum biyu ke iya ɗaukar su, kuma haƙoransu irin na zarton hannu ne, suna kankare itace, suna saurin dakushewa.

Maganin wannan matsala daga ilimin halittu ya fito. A 1946, wani mai saran itace a Jihar Oregon ta Amurka mai suna Joseph Buford Cox ya tsaya yana kallon tsutsar wani ƙwaro tana cin kututture. Ya lura cewa muƙamuƙanta guda biyu a lanƙwashe suke, kuma tana yanka da su bi da bi, na dama ya ɗebo, na hagu ya ɗebo, ba tare da damuwa da inda zaren itacen ya nufa ba. Sai ya kwaikwayi wannan tsari da ƙarfe, ya fara ƙera sabuwar sarƙa a gidansa da ke birnin Portland a 1947. Kusan duk sarƙar da ake amfani da ita a yau jikanyar wannan ce.

Kowane haƙori na sarƙa yana da baki biyu masu kaifi, na gefe da na sama. Na gefe yana tsinke zare, na sama kuma yana ɓamɓaro guntun da aka tsinke. A gaban kowane haƙori akwai wani ɗan tudun ƙarfe, wato ma'aunin zurfi, wanda ke hana haƙorin nutsewa fiye da kima. Tazarar da ke tsakanin tsinin haƙori da wannan tudu ba ta kai milimita ɗaya ba.

Ma'aunan da Ake Kwatanta Injuna da Su

Injin zarto irin injin ƙaramin babur ne mai bugu biyu, wanda ake haɗa masa fetur da man inji wuri guda, kuma iska ce ke sanyaya shi. Yana juya sarƙa a kewayen wani dogon faifan ƙarfe, wanda za a kira harshen zarto a wannan maƙala. Gudun sarƙar yakan wuce mita 20 a daƙiƙa guda.

Abubuwa huɗu ake dubawa. Na farko girman silinda, wanda ake aunawa da si-si. Na biyu ƙarfi, wanda ake aunawa da kilowat. Na uku nauyi, ban da harshe da sarƙa da mai. Na huɗu ƙarfin murɗawa, wato yadda inji zai ci gaba da jan sarƙa idan itace ya riƙe ta. Ana iya fahimtar na huɗun ta kwatanta doki da sa. Doki ya fi gudu, amma idan garma ta nutse a laka, sa ne ke fitar da ita. Galibi inji mai babban silinda ya fi ƙarfin murɗawa.

Ga alƙaluman da kamfanoni biyu da suka fi shahara a wannan fanni, Stihl na Jamus da Husqvarna na Suwidin, suka bayar game da wasu manyan injunansu:

Stihl MS 500i: si-si 79, kilowat 5.0, kilo 6.2.
Stihl MS 661: si-si 91, kilowat 5.4, kilo 7.4.
Husqvarna 592 XP: si-si 93, kilowat 5.6, kilo 7.4.
Husqvarna 3120 XP: si-si 119, kilowat 6.2, kilo 10.4.
Stihl MS 881: si-si 122, kilowat 6.4, kilo 9.9.
Stihl 070: si-si 106, kilowat 4.8, kilo 10.7.

Idan aka raba ƙarfi da nauyi, za a sami abin da kowane kilo na inji yake bayarwa. MS 500i yana ba da kilowat 0.81 a kowane kilo, 592 XP yana ba da 0.76, MS 661 yana ba da 0.73, MS 881 yana ba da 0.65, 3120 XP yana ba da 0.60, shi kuwa 070 yana ba da 0.45 kacal. Wato yayin da inji ke ƙara girma, nauyinsa yakan fi ƙarfinsa saurin hawa. Daga MS 661 zuwa MS 881 an ƙara kilowat ɗaya, amma an ƙara wa hannun ma'aikaci kilo biyu da rabi.

Aikin Kayar da Bishiya

A wajen sara, sarƙa tana datse zaruruwa ne a gicciye. Bakin gefe ya tsinke su, bakin sama ya ɗaga guntun, wanda ke rabuwa da sauƙi domin bin layin zare yake yi. Shi ya sa sarƙa mai kaifi take fitar da manyan ɓarɓashi a wannan aiki. Ana wasa bakin saman haƙorin sara a karkace, wajen digiri 25 zuwa 35.

Ƙwararren mai sara yakan fara da yanke wani baki a gefen da yake so bishiya ta faɗi, zurfinsa kamar kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na kaurin gindinta. Sannan ya koma baya ya yanko, amma ba zai haɗe da bakin farko ba. Zai bar wani siririn ɓangare a tsakani, kaurinsa kamar kashi ɗaya cikin goma na kaurin bishiyar. Wannan mariƙi, da zaruruwansa da ba a tsinke ba, shi ne ke lanƙwasawa a hankali ya bi da bishiyar inda aka nufa. Wanda ya yanke shi ya saki linzami, bishiya sai ta faɗi inda ta ga dama.

Bishiyar da ta girma a karkace ta fi haɗari. Bishiyoyi masu faɗin ganye sukan gina wani irin itace na musamman a gefen sama na karkatar, wanda yake a ɗame kamar tsarkiyar baka. Idan aka yanke shi ba da dabara ba, gindin yakan tsage a tsaye ya daki mai yankan.

A wannan aiki, inji ba ya daɗewa a cikin itace. Yanka ɗaya minti guda ne ko biyu, sauran lokacin kuwa ma'aikaci yana tafiya da inji a kafaɗa, yana sunkuyo, yana sassabe rassa. Dole ne kuma ya iya zare injin ya ja da baya cikin hanzari da zarar bishiya ta fara tafiya. Ga kuma wani abu: wanda ya iya aiki zai iya kayar da bishiyar da kaurinta ya kusa ninka tsawon harshen zartonsa, ta hanyar yankowa daga gefe biyu. Harshe mai santimita 60 ya isa bishiyar da kaurinta ya kai mita ɗaya. Bisa ga haka, injuna masu si-si 70 zuwa 95 su ne suka fi dacewa da sara. Masu si-si 120 sai a kan manyan bishiyoyin kurmi, irin su rimi da loko da suka shekara ɗaruruwa, inda ake bukatar harshen da ya kai mita ɗaya ko ya fi.

Aikin Tsaga Katako

Da zarar gungume ya kwanta aka shiga tsaga shi a tsawonsa, lissafi ya canza. Ana iya zaton aikin zai yi sauƙi kamar faskare, amma zarto ba ya raba zare, cinye hanyarsa yake yi. Harshen yana gicciye da gungumen, yana tafiya daga wannan kai zuwa wancan, saboda haka kowane haƙori yana cin karo ne da kawunan zaruruwa. Misalinsa kamar a ce za a cinye tsintsiya daga bakinta, ana datse kan kowane tsinke kaɗan-kaɗan har a kai gindi. Wannan ita ce fuska mafi wuya wajen yanka itace, kuma abin da ke fitowa gari ne mai laushi.

Abubuwa uku ne ke biyo bayan haka. Na farko, dukkan tsawon harshen yana binne a cikin itace, haƙora masu yawa suna cizo a lokaci guda, don haka ƙarfin murɗawa ake bukata fiye da gudu. Na biyu, inji yakan yi mintoci masu yawa a buɗe har ƙarshe ba hutu, alhali iska ce kaɗai ke sanyaya shi. Idan man inji ya yi kaɗan a cikin fetur, ko matacin iska ya toshe da gari, fistin yakan yi zafi ya kama jikin silinda. Kamfanonin biyu sun ba da ma'aunin kashi 50 na fetur da kashi 1 na man inji mai kyau na injuna masu bugu biyu, wato mililita 100 a cikin lita 5. Yana da kyau kuma a bar inji yana aiki a hankali na ɗan lokaci bayan kowane falanki kafin a kashe shi, domin fankarsa ta kwashe zafin. Na uku, sarƙar tsagawa daban take da ta sara. Ana wasa bakin samanta wajen digiri 10 ne, domin ta rage yagar gefe, fuskar katako ta fito sumul.

A wannan aiki nauyi ba ya cika damun ma'aikaci, musamman idan aka ɗaura injin a kan firam na ƙarfe mai bin saman gungume, irin wanda kamfanin Granberg na Amurka ya yi suna da shi. Firam ɗin ne ke ɗaukar nauyin, yana kuma sa kaurin falanki ya zo daidai daga farko har ƙarshe. Sai dai yakan cinye santimita 10 zuwa 15 na tsawon harshe, don haka gungume mai kaurin santimita 75 yana bukatar harshe mai santimita 90. A nan ne MS 881 da 3120 XP suke nuna fifikonsu. Masu si-si 90 suna iya tsaga matsakaitan gumagumai, kuma su ne zaɓin mutumin da ba zai iya sayen inji biyu ba. Inji mai si-si 70 kuwa, idan aka ɗora shi a kan babban gungumen maɗaci kullum, kwanansa ba zai yi yawa ba.

Akwai kuma batun siffar haƙori. Haƙori mai kusurwa a tsaye ya fi sauri a itace mai tsabta, amma tsininsa yana saurin mutuwa. Mai kusurwa a zagaye ya ɗan fi jinkiri, amma ya fi jure ƙasa. A yankin da hunturu ke cusa ƙura cikin ɓawon bishiya, gara kuma ke shafa masa jar ƙasa, na biyun ya fi amfani.

Me Ya Sa Tsohon 070 Ya Ƙi Ɓacewa?

Bisa lissafin da ya gabata, Stihl 070 shi ne na ƙarshe: ya fi kowanne nauyi, ya fi kowanne ƙarancin ƙarfi. Samfurin tun na 1968 ne. Duk da haka, shi da kwaikwayonsa da wasu masana'antu ke yi sun daɗe suna cikin injunan da aka fi gani a hannun masu tsaga katako a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Dalilin shi ne babban silindansa yana juyawa a hankali da ƙarfin murɗawa mai yawa, abin da tsagawa ke so ke nan. Gininsa kuma mai sauƙi ne, makanikin babur zai iya kwance shi ya ɗaura, kayan gyaransa suna nan a kasuwa. Sababbin injuna kuwa na'urar lantarki ce ke daidaita musu mai. MS 500i, wanda ya fito a 2019, ba shi da kafireto ma sam, fesa masa mai ake yi kai tsaye. Irin waɗannan suna da tsimin mai da ƙarancin hayaƙi, amma idan suka lalace a tsakiyar daji, sai an nemi mai kwamfutar da za ta duba su.

Amma wannan sauƙi yana da farashi, kuma jikin ma'aikaci ne ke biya. An ƙera 070 kafin a fara sa wa injuna birkin sarƙa a farkon shekarun 1970, kuma ainihin samfurin ba shi da abin da ke rage girgiza a mariƙinsa.

Abin da Inji Ke Yi wa Jiki

Babban haɗarin injin zarto shi ne harbi. Idan ɓangaren sama na kan harshe ya taɓa itace, sarƙa takan cije, harshen ya yi tsalle sama zuwa fuskar mai riƙe da shi cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Birkin sarƙa yana tsayar da ita kafin ta iso. Masu tsagawa da hannu ba tare da firam ba sun fi kowa shiga wannan haɗari, domin da kan harshe suke yawan aiki, wasu kuma sukan goge ma'aunin zurfi da magagari don sarƙa ta ƙara ci, wanda hakan ke ƙara ƙarfin harbin.

Sai kunne. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na tsawon awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Ƙarar babban injin zarto a kunnen mai aiki takan wuce desibel 100. A desibel 106, lokacin da aka yarda da shi bai kai minti huɗu ba. Ƙwayoyin halitta masu gashi da ke can cikin kunne, waɗanda ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, idan suka mutu ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam. Girgiza kuma, bayan shekaru, takan lalata ƙananan jijiyoyin jini da na ji a yatsu, su riƙa yin fari suna mutuwa. Garin katako shi ma ba abin wasa ba ne. A 1995 hukumar binciken cutar daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji, musamman na kogon hanci, garin loko kuma an san shi da tayar da asma da ƙaiƙayin fata. Hular kwano, da abin toshe kunne, da takunkumin hanci, da wandon da aka cusa wa zare mai tsayar da sarƙa, duk kuɗinsu bai kai na jinyar rauni guda ba.

Lissafin Dusa

Kowane zarto yana mayar da wani ɓangare na itace dusa daidai faɗin hanyar da ya bi. Sarƙar babban inji tana cin milimita 8 zuwa 10. Zarton masana'anta mai siririn bel na ƙarfe yana cin milimita 2 zuwa 3.

A ɗauki gungumen da aka daidaita gefensa, mai kaurin milimita 600, ana son falankai masu kaurin milimita 25. Da sarƙa mai cin milimita 9, kowane falanki da hanyarsa za su ci milimita 34, a sami falankai 17. Da bel mai cin milimita 3, kowanne zai ci milimita 28, a sami falankai 21. Gungume huɗu a masana'anta za su ba da falankai 84, alhali mai injin zarto sai ya tsaga biyar kafin ya sami 85. Wato a cikin kowane gungume biyar, guda ya tafi a dusa. Wannan kuwa idan hannu bai karkace ba ne. Mai tsagawa da hannu, yana bin layin da ya buga da zaren da aka tsoma a baƙin mai, falankansa ba sa zuwa daidai, sai kafinta ya sake fere su, ga kuma manyan rassa da bayan gungume da ake bari a daji.

Ta wani gefen kuma, injin zarto yana da nasa alheri. Ana kai shi inda bishiya take, a fito da falankai a ka, ba sai an fasa hanyar babbar mota ko katafila ta tattake ƙananan tsirrai ba. Yana kuma ba da damar amfana da bishiyar da iska ta kayar a gona.

Daji da Doka

Sauƙin ɗaukar injin zarto shi ne ya sa sa ido a kansa yake da wuya. Ghana ta haramta tsaga katakon sayarwa da shi a 1998, amma binciken da aka yi wajen 2010 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na katakon da ke kasuwannin cikin gida na ƙasar daga bakinsa ya fito. Muddin jama'a na bukatar katako mai araha, doka ita kaɗai ba ta isa ba.

A Nijeriya, abin da ya sami madobiya ya isa darasi. Wannan bishiya, wadda masana ke kira Pterocarpus erinaceus, dangin wake ce, tana ƙara wa ƙasa taki, tana jure gobarar daji, kuma makiyaya suna ciyar da dabbobi da ganyenta idan ciyawa ta ƙare. A tsakiyar shekarun 2010, kasuwar kayan ɗaki ta ƙasar Sin ta buɗe mata baki, aka riƙa kayar da ita a Kogi da Taraba da maƙwabtansu, ana daidaita gumaguman da injin zarto tun a daji, ana lodawa zuwa tashar jirgin ruwa. Yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa ta cikin rukuninta na biyu daga farkon 2017, sannan a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. A taron 2022 da aka yi a Panama, maɗaci da kawo na Afirka su ma sun shiga wannan rukuni. Bishiyar da ta yi shekara hamsin ko fiye tana tara zare a kan zare, inji mai kilowat biyar yana gamawa da ita cikin minti biyu.

Kammalawa

Don sara, inji mai si-si 70 zuwa 95, mara nauyi, mai birkin sarƙa, da haƙori mai digiri 30. Don tsaga manyan gumagumai, inji mai si-si 100 zuwa 120, a kan firam, da haƙori mai digiri 10. Idan kuwa akwai masana'anta mai zarton bel a kusa, kai mata gungumen ya fi, domin falankai huɗun nan da za su tafi a dusa su ne za su hana a kayar da bishiya ta biyar. Kafin a tayar da kowane inji kuma, wajibi ne a sami izinin hukumar gandun daji, a kuma tanadi dashen da zai maye gurbin abin da aka sare.

Aikin Aji

1. A samo guntun rake ko karan dawa guda uku. A datse ɗaya a gicciye, a tsaga ɗaya a tsawonsa, a kankare na uku daga kansa da wuƙa, ƙarƙashin kulawar malami. Wanne ya fi wuya, kuma wanne ya yi kama da aikin tsaga katako da injin zarto?

2. A sake lissafin falankai da gungume mai kaurin milimita 450 da falanki mai kaurin milimita 50. Asarar ta ƙaru ko ta ragu, kuma me ya sa?

3. A karɓo ragowar katako iri uku daga wurin kafinta. A auna nauyin kowanne da girmansa, a jera su daga mafi sauƙi zuwa mafi nauyi, sannan a tambayi kafintan wanne ya fi dakushe masa zarto.

4. A rubuta sunayen bishiyoyi biyar da dattawan gari suka ce suna da yawa a da amma yanzu sun yi wuya, tare da amfanin kowace ga mutane da dabbobi.